Damanar da Aka Ce Ya Rufe Ruwa a Akwati

Sun kafa ƙarfen salula a kan dutsen da ke bayan garinmu. In na fito alwala da safe ina ganinsa tsaye, dogo, siriri, da ƴar jar fitila a ka, kuma ba na jin haushinsa, domin ta cikinsa muryar ɗana ke iso mini daga bakin teku. Sai dai sun dasa ƙafafunsa daidai kan falalen nan mai faɗi inda mai gidana yake tsayawa, Allah ya jiƙansa, kuma tun ranar da na lura da haka zuciyata ta koma baya ta ƙi dawowa. Ba zan faɗi sunansa ba. Haka aka rene mu, mace ba ta kama sunan mijinta ko bayan ƙasa ta rufe masa ido. Gari duka Mai Hoto suke ce masa, ni ma da shi zan kira shi.

Wanda bai san ƙasar Kurfai ba zai ce ba mu da duwatsu, domin namu ba su da tsini, ba sa taɓa gajimare. Kansu a shafe yake kamar an sa wuƙa an yanke, jajaye ne, sun yi layi ta gabas sun yi layi ta yamma, mu kuma muna kwance tsakaninsu cikin kwari, da gawo da goriba da gonakin hatsi. Da rani ba mai ɗaga kai ya dube su. Amma bari hadari ya taso. A zamaninmu da shiru yake farawa: kaji su shige ƙarƙashin rumbu, awaki su hau kuka, gabas ta yi ja, bayan jan kuma baƙi ya biyo. Iyayenmu mata su yi ta kira, a kwashe shanya, a rufe wuta, a jera tukwane inda ruwa ke zuba. Sai iska, sai ƙasa cikin haƙori, sai ɗigon farko mai nauyi ya faɗa kan ƙwarya kamar jifa. In aka yi sa'a ya ɗauke da la'asar, rana takan leƙo ta ƙarƙashin gajimare kafin ta faɗi, ta shafa wa dutsen wani launi da har yau ban san sunansa ba, tsakanin jan lalle da man shanu narkakke. Kwaɗi su ɗauka, shinge, garar nan mai fiffike, ya cika iska, ƙamshin ƙasa ya shiga har cikin tufafi. Washegari kuma sai shuka, maza a gaba suna sara da sungumi, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige, ba ka jin komi sai sautin ƙarfe cikin jiƙaƙƙen yashi da waƙar da wata ta ɗauko wata ta amsa. Yanzu rediyo ke gaya wa mutane ranar da za a yi ruwa, yara kuma suna duba salula su ce hadari na tafe tun kaji ba su sani ba. Ban ce wannan aibu ne ba. Amma mu da ido da hanci muke jiran sama, kuma wanda ya jira abu haka, tsoronsa da murnarsa duka sun fi girma.

Mai Hoto maƙwabcinmu ne, dannin kara kaɗai ya raba gidajenmu. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, shi kaɗai ne kuma ya rayu a ɗakin uwarsa, wadda muke kira Tsohuwa. Ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, bakin teku kamar sauran samari. Tsararsa suka dawo da rediyo da keke da yadin shadda, shi ya dawo da baƙin akwatin hoto rataye a wuya. Ranar kasuwar Filinge ko ta Baleyara yakan ɗaura wani zane mai furanni a jikin bango, ya ɗauki masu neman hoton katin shaida da amare da sojan da ya zo hutu. A lokacin hoto ba ya fitowa nan take. Cikin akwatin akwai fim, wani siririn abu naɗaɗɗe cikin ɗan gwangwani, sai ya cika sannan a ba direba ya kai Yamai a wanko, mutum ya yi ta jiran fuskarsa har ya fara manta rigar da ya sa ranar. In haske ya taɓa fim ɗin kafin a wanke, duk abin da ke ciki ya ƙone. Wannan kowa ya ji shi a bakinsa, amma ba kowa ya yarda ba.

Daga baya, da na yi karatun manya na iya haɗa baƙi, na saba sayen ƴan littattafan soyayya da ake shimfiɗawa a tabarma ranar kasuwa, kuma har yau akwai su ƙarƙashin matashina. A cikinsu samari suna zuba kalamai kamar zuma, suna rantsuwa da ba za su rayu ba in babu masoyiya. Nawa bai taɓa gaya mini ko ɗaya daga cikin irin waɗannan ba. In ya zo zance bayan la'asar yakan zauna bakin tabarma yana wasa da tsinke, can sai ya ɗago ya ce, “Tsaya haka nan, kak ki motsa, hasken ya yi miki kyau.” Ko akwatin ba ya tare da shi. Ni kuwa sai in tsaya har hasken ya gushe. Na karanta littattafai da yawa ban sami maganar da ta kai wannan ba. Manyansa suka zo gaisuwa, Baba ya ba da baki, aka ce sai bayan kaka in hatsi ya shiga rumbu.

Tsohuwa ta daɗe tana ƙin a ɗauke ta hoto. Ƙarshen ranin shekarar nan ne ta yarda, bayan ya yi ta lallashi. Tun ina ƙarama ni ke mata kitso, don haka ni na gyara mata kai ranar, na ɗaura mata shuɗin kallabinta, ta zauna kan kifaffen turmi, ni kuma aka ba ni zanen furannin in riƙe a bayanta.

“Ni dai ban ga abin da za a yi da huskar tsohuwa cikin takarda ba,” in ji ta. “Wa ka sayen ta?”

“Inna, ba saidawa za a yi ba. Jikokinki za su gani.”

“Waɗanne jikoki? Waɗanda ko auren uwassu ba a ɗaura ba?” Ta waiwayo ta dube ni. “Ke, kin ji shi ko? Har ya hwara ƙirga miki ɗiya.”

Kunya ta kama ni na tusa fuska cikin zanen, zanen ya karkace, ita ta fashe da dariya har wushiryarta ta bayyana, shi kuma ya danna. Ya ce bai taɓa ɗaukar hoton da ya kai wannan ba, saura kaɗan fim ɗin ya cika a kai shi wanki. Kafin ya cika zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta daɗe tana jinya ba Allah ya karɓi abarsa. Ba ta ga ruwan farko ba.

Ruwan farko ya zo da kyau, muka yi shuka, hatsi ya tsiro ya yi kunnuwa. Sai wani babban hadari ya biyo baya, irin mai kayar da danni, ya zuba har kwari ya cika, ya ɗauke da la'asar sakaliya. Kowa na gyaran abin da iska ta ɓata, sai masu kiwo da ke sauko da shanu suka hangi mutum tsaye kan falalen dutse, ya ɗaga baƙin akwati ya auna yamma, inda rana ke faɗuwa cikin ragowar gajimare. Da Mai Hoto ya zo zance washegari na tambaye shi.

“Mi kat tahi yi bisa dutse cikin laka?”

“Godiya.”

“Ba a godiya nan ƙasa?”

“Ana yi. Tun rasuwar Inna ƙirjina ke ƙunci. Jiya na hau, na ga abin da anka shimhiɗa bisa, na ce Alhamdulillahi har bakina ya gaji, na ga bai kai ba. Ana shimhiɗa wanga ga kowa, a naɗe shi kahin magariba, ba wanda ka tsayawa shi duba. Ni ko na ji kunya. In anka miƙo maka kyauta ai hannu biyu kaka sawa. Akwatin ga shi ne hannuna na biyu.”

Ban gane duka ba a lokacin, amma na ji daɗin maganar, na yi ta juya ta a raina ina daka.

Daga wannan hadarin sama ta rufe. Safiya ta zo fes, yamma ta zo fes, gabas ba ta ko yin duhu. Hatsin da ya yi kunnuwa ya fara naɗewa, ya yi launin toka, da hantsi sai ka ga gona duka ta sunkuyar da kai. A ƙasarmu akwai tsohuwar magana cewa wasu suna ɗaure ruwa. In an yi fari akan dubi wanda tubalinsa bai bushe ba, ko wanda bai gama rufin rumbu ba, a yi ta gunaguni a bayansa, in ruwa ya sauko kowa ya manta. Wannan karon ruwan bai sauko ba, kuma an ga mutum ido da ido yana auna hadari da abin da ba a san cikinsa ba. Maganar ta tashi daga bakin rijiya ta shiga gidaje. Wadda ta fi riƙe ta ita ce Gwaggo, yayar Baba, mace mai kaifin baki wadda a gidanmu ba a ƙetare maganarta. Ba muguwa ba ce. Ta ga yunwa da idonta tana yarinya, ta ga an ci abin da ba a ci, kuma duk lokacin da sama ta yi shiru tsoron nan ke taso mata.

“Ya auna uwatai da abin ga, ba ta ga damana ba,” take cewa. “Ya auna hadari, ga shi mun gani.”

Baba ya aika a kira shi. Ina bayan zana ina tankaɗe, ina jin komi. Baba mutum ne mai ƙarancin magana, ranar yana riƙe da wani tsiron hatsi da ya tsugo daga gona, yana murza shi tsakanin yatsu, ganyen na karyewa kamar busasshen kaba.

“Yaro, ni ban ce ka yi ba, amma gari ya ce. Ka buɗe akwatin ga gaban jama'a, kowa shi ga ba komi, magana ta mutu.”

“Baba, in haske ya taɓa abin da ke ciki ya ƙone. A bari in aika shi Yamai a wanko, ku gani da idonku.”

“Yamai?” in ji Gwaggo. “Kun ji shi ko? Shi kai muna ruwanmu Yamai, su da ad da gulbi ƙohwar gida.”

“To in naɗe shi cikin gwangwaninai in hidda, ku duba akwatin.”

Gwaggo ta ce, “Ƙullin na cikin gwangwanin. A warware shi, awa yadda aka warware duk abin da anka ƙulla.”

Na dakata da tankaɗen. Mai Hoto ya ce, a hankali, “Baba, Inna na ciki.”

“Na sani. Allah shi jiƙanta, shi kai haske kabarinta.” Baba ya yar da tsiron. “Amma ba ni iya ba da ɗiyata ga wanda gari ka nunawa da baki. Ka tahi ka yi shawara da zuciyakka.”

Ke nan abu biyu aka ajiye masa: ko fuskar uwarsa, wadda babu wata irinta a duniya, ko ni. Na kwana ina jin kamar ni ce wuƙar da za a yanka shi da ita. Da hantsi na ɗauki tulu na bi ta hanyar da na san yakan bi zuwa gona, na tare shi gindin wata aduwa.

“Kak ka buɗe,” na ce. “Ni ina jira, ko yaushe ne. In anka yi ruwa za su manta.”

“In anka yi ruwa za su ce na ji tsoro na sako shi a ɓoye.” Ya dubi ƙasa. “Jiya wata tsohuwa ta aje ƙwaryar hura ƙohwar ɗakina. Ta durƙusa, tana roƙona in ji tausan jikokinta in sako ruwa. Ni taka roƙo. Zagin bai yi min ciwo awa wanga ba. In dai akwatina ya shiga tsakanin mutane da Mai ba da ruwa, gara su ga cikinai.”

Ba zan ɓoye ba, a ƙuruciyata na so ya ce saboda ni zai buɗe. Ina jin ya gani a fuskata, domin ya ɗan yi murmushi, irin wanda ya daɗe bai yi ba.

“Kuma ba ni barinki, wanga ba sai na hwaɗi ba. Ke kina nan ranan da munka ɗauke ta. Akwatin ido guda gare shi, ke kina da biyu. Ki aje min ita.”

Bayan azahar aka taru ƙofar masallaci, gindin gawo. Gawo kuwa da damana yake zubar da ganye, don haka babu inuwa, rana na dukan kowa a ka. Mu mata muna leƙe ta bayan danni. Malam Liman ya tashi ya ce, “Jama'a, na hwaɗi ran Juma'a, ina sakewa: ruwa ba shi cikin akwatin kowa. Yaro, ba a tilasta ka ba.” Mai Hoto ya ce ya sani. Ya yi bisimilla ya ɓalle bayan akwatin, ya kama bakin fim ɗin ya ja. Ya yi ta fitowa, siriri, mai ruwan ƙasa, yana nannaɗewa kamar ɓawon rake, har ya ƙare. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu rana ta ratsa shi. Ni kaɗai a cikin matan nan na san wadda ke ƙonewa a lokacin, da shuɗin kallabinta da dariyarta, na cusa bakin mayafi a baki don kada a ji ni.

Gwaggo ta ratsa maza ta zo ta taɓa shi da ɗan yatsa, ta shinshina.

“Wanga ne duka?”

“Shi ke nan, Gwaggo.”

“Ko laima babu.”

Wasu suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba, wasu suka sunkuyar da kai suka watse.

Da la'asar ɗin ranar gabas ta yi duhu, karo na farko tun da aka shiga farin. Gari ya ruɗe, yara na gudu, Gwaggo na jera tukwane tana cewa ai ta faɗa. Iska ta taso, aka yi tsawa, muka ji ƙamshin ruwa a hanci. Sai hadarin ya karkata kudu, ya bi ta wajen Imanan, bai bar mana ko ɗigo ba. Gwaggo ta daɗe tsaye cikin tukwanenta, sannan ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Washegari Malam Liman ya fitar da gari roƙon ruwa. Muka fita fili cikin tsofaffin tufafi, da tsofaffi da jarirai da dabbobi, maza suka juya rigunansu, aka yi salla aka ɗaga hannu, kuma ban taɓa jin amin mai nauyin ta ranar ba, domin ba sauran wanda ake zargi, ba sauran inda za a duba sai sama. Ruwan bai zo ranar ba, bai zo washegari ba. Wasu gonakin suka mutu sai da aka sake shuka. Ya zo ne wata ranar kasuwa da hantsi, ba iska ba tsawa, mutane na hanya da jakuna, ya yi ta zuba a hankali kamar mai ba da haƙuri, har ƙasa ta ƙoshi.

Da ya ɗauke, rana ta yi ƙasa, na ga Baba ya ɗauki sandarsa ya tsaya bakin dannin maƙwabta.

“Ba ka hawa yau?”

“Ba ni da fim, Baba.”

“Ƙahwahu hwa, kana da su?”

Suka tafi tare, tsoho a gaba saurayi a baya da akwatin da babu komi cikinsa. A can suka yi magariba. Da Baba ya dawo ya zauna kan buzunsa, laka har gwiwa, ya ce wa Gwaggo, “Tun ina yaro nika noma gindin dutsen ga, ban san abin da aka yi bisa kaina ba.” Ya kurɓi fura ya ƙara da cewa, “Ki hwara tanadin kayan ɗakin ɗiyarki.” Hatsin shekarar bai cika rumbu ba, amma ya isa a ci, ya isa a yi biki. Ranar bikin kuwa Gwaggo ce ta fara zama gaban akwatin, ta gyara ɗaurinta ta ce a auna ta, in mutuwa ce ta shirya. Ta rayu har ta goya ƴaƴana.

Tun daga nan kowace damana Mai Hoto yakan rage wuri a fim ɗinsa saboda dutse. Ba wanda ya taɓa sayen waɗannan hotuna. Na farko-farko ma baƙi da fari ne, in ka duba ba ka ganin komi sai toka-toka da wani baƙin layi, shi kuwa sai ya riƙe ya ce, “Nan ja ne, nan ruwan zuma, nan kuma ban san sunanai ba.” Da masu launi suka zo sai suka kama wani abu, amma su ma shekaru sun kodar da su. Suna nan cikin wata kwalla a ɗakina. Wata damana, ƴaƴa sun fara tasawa, ya ce in zo in gani da idona. Muka hau yana riƙe da hannuna a wuraren santsi. Daga sama kwarinmu duka ya zama madubi, kowane tafki ya ɗauki rana guda, garken shanu na ratsa ruwa kamar an zuba baƙin wake a faranti, duwatsun yamma sun yi baƙi, bayansu kuma wuta ce ke ci ba hayaƙi. Na ce Subhanallahi, na sake cewa, na ji abin da yake nufi da baki bai kai ba. A can ne ya gaya mini abin da bai taɓa gaya wa kowa ba.

“Ranan da nib buɗe akwatin, da hadarin nan yat taso, ban taɓa jin tsoro awa ranan ba. Hatsina na mutuwa awa na kowa, amma na ce, ya Rabbi, in ka so ka jinkirta ko kaɗan. In ya zuba yau, ba mai sake hidda akwatin ga daga zukatan mutane.”

“Roƙo kay yi kada a yi ruwa? Ashe Gwaggo na da gaskiya.”

Ya yi dariya har da tari. “Ban roƙa kada a yi ba. Na roƙa a san Mai shi.”

Amanar da ya ba ni kuwa na riƙe. Duk ɗan da ya tambayi kamannin kakarsa nakan zaunar da shi in ce: tana kan kifaffen turmi, kallabinta shuɗi, zanen furanni ya karkace a bayanta, ta waiwayo tana dariya, ga wushirya. Shi kuma in yana kusa sai ya rufe ido. Na faɗa, na sake faɗa, har bayan rasuwarsa babbar ɗiyata ta zo ta zazzage kwallar nan tana neman hoton. Na ce mata babu shi, ba a taɓa wanke shi ba. Ta ce, “Inna, wallahi na gan shi. Har zanen da yak karkace na gani.” Ban yi mata gardama ba.

Yanzu gwiwa ta hana ni hawa, zamani ma ya hana, babu tsaro, ba a nisa da gari in la'asar ta yi. Hoto ya zama abin banza a hannun yara, su ɗauka su goge kafin ka kifta ido, ba jira ba ɗoki. Amma ɗana ya aiko mini da salula, an nuna mini inda ake dannawa, kuma na gode. Shekaranjiya aka yi ruwa mai kyau, ya ɗauke da la'asar. Na lallaba bayan rumbu, na riƙe salular da hannu biyu, na auna dutsen yana ja, ƙarfen nan tsaye kan falalensa, sannan na juya yamma. Rabin hoton yatsana ne. Maƙwabciyata, wadda ita ma ta ga waccan damanar tana budurwa, ta leƙo ta kan katanga.

“Hajiya, a dai bar muna ruwanmu.”

“Kin makara,” na ce, “har na aika shi bakin teku wurin ɗana.”

Muka yi dariya kamar yara. Na tsaya nan ban motsa ba har hasken ya gushe, na ce Alhamdulillahi iyakar abin da baki zai iya, sauran na bar wa hannu. Ladan ya kira magariba, na ƙulle salular a bakin zane, na je na ɗebi ruwan saman da ya taru a tukunya na yi alwala.